Wayar Ƙasa da Makunnin Canji: Nazari kan Wayarin ɗin Gidaje a Ƙasar 'Yandoto

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wayarin ɗin gidaje a Gusau, Tsafe da Bunguɗu, inda waya ɗaya kan ɗauki wutar NEPA da ta janareta da ta sola. Ta nuna cewa haɗari ya fi taruwa a wuri biyu: wayar ƙasa, wato atin a bakin masu sana'ar, da makunnin canji.

Gabatarwa

Wajen rarraba wuta, Zamfara tana ƙarƙashin Kaduna Electric tare da Kaduna, Sakkwato da Kebbi, ko da yake har gobe NEPA ake cewa. Daga mita zuwa cikin gida kuwa, nauyin yana wuyan maigida da mai wayarin ɗinsa. Dokar 2015 da ta kafa hukumar NEMSA ta ɗora mata tantance masu wannan sana'a, amma kafin a gayyato mai takarda, sau da yawa yaron gida ya riga ya bare waya ya ɗaure ta da leda.

Yanayin ƙasa da atin

Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce. In rigar waya ta yage ta taɓa jikin firji ko rufin kwano, aikin atin shi ne ya janye wutar zuwa ƙasa har fis ya tsinke, kafin hannun mutum ya kai wurin. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai ƙasar ta karɓa. A nan ne yankin 'Yandoto ya bambanta da fadama. Wanda ya san Kwatarkwashi da Tsafe ya san ƙasa ce mai duwatsu, ga rani mai tsawo. Rodin tagullar da aka kafa a Agusta, ƙasa tana jiƙe, zai iya zama ba shi da amfani a Fabrairu, bayan hunturu ya busar da ita. Masu wayarin kan zuba gawayi da gishiri a ramin. Dabarar tana aiki, sai dai gishiri yana cin rodin, ruwan damina kuma yana wanke shi. A ganina ya fi kyau a kafa rodi biyu ko uku da tazara a haɗe su, ko a shimfiɗa tagullar a kwance inda dutse ya hana haƙa, sannan a auna ta da rani. A ƙara da na'urar yanke wuta da ke faɗuwa da zarar miliyamfa 30 ta zurare, domin ita ce ke ceton rai in atin ya gaza.

Akwai kuma wayar jabu, alminiyom da aka yi wa rufin tagulla. Alminiyom bai wuce kashi 61 cikin ɗari na ƙarfin tagulla ba wajen ɗaukar wuta, don haka yakan yi zafi. Kankare bakin wayar da wuƙa tun a shago. In cikin ya fito fari, ajiye ta. Ƙwan fitila waya mai murabba'in milimita 1.5 ta ishe shi, soket kuwa sai 2.5.

Makunnin canji

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne soka wayar janareta kai tsaye cikin soket. Muddin ba a raba gida da layin waje ba, wutar takan fita ta mita ta hau falwaya, taransifoma kuma ya ɗaga ta zuwa bolt 11,000 a kan ma'aikacin da ya hau gyara da yaƙinin an ɗauke wuta. In kuma aka maido da ita, janaretan ne zai ƙone. Haka abin yake ga inbata. Makunnin canji yana hana wuta biyu haɗuwa, kuma kuɗinsa bai kai na sabon janareta ba.

Maigida zai iya canza ƙwai, fis ɗin filogi ko murfin soket, bayan ya kashe babban makunni ya gwada da testa, hannu a bushe, ƙafa cikin takalmin roba. Atin, makunnin canji da akwatin fis kuwa a bar wa mai takardar shaida.