Daga Jaki Zuwa Tirela: Yadda Mota Ta Mallake Fataucinmu a Kurmi

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ma ta haura 1,000, ake ta kira ga mutane su rage dogaro da mota, wai a koma jirgin ƙasa da keke da tafiyar ƙasa. Magana ce mai kyau a kunne. To amma mu da abincinmu ke kan hanya, gara mu waiwaya mu ga yadda aka yi muka shiga hannun mota tun farko.

Kakanninmu ba su san mota ba. Goron da ake ci a Kano da Sakkwato a ƙarni na 19 daga ƙasar Asante yake fitowa, ana sayensa a kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja. Ayari kan tashi da jakuna da alfadarai da 'yan dako, madugu na shugabanci, jagaba na gaba, a yi fito a Kwara, a kwana zango-zango, zuwa da dawowa ya ci rabin shekara ko fiye. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari duk a wannan hanya suka yi suna. Jaki kuwa ba ya shiga kurmi ya fito lafiya, ƙudan tsando ne ke gamawa da shi, shi ya sa tun a wancan zamani goro a kan mutum yake fitowa daga gona. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Bayan Turawan Ingila sun ci Asante da yaƙi a 1874 sai kasuwar Salaga ta fara lalacewa, fatake suka soma bin teku, su ɗauko goro a jirgin ruwa su sauke a Ikko. Alhasan Ɗantata, Allah ya jiƙansa, yana cikin waɗanda suka bi wannan hanya. Daga baya manoman Agege da Ota da Ifo da Shagamu suka dasa irin goron nan a gonakinsu. Har yau Yarabawa na kiransa gbanja, wato dai Gwanjarmu ce suka lanƙwasa da harshensu.

Abin da ya haifi unguwannin nan namu shi ne dogo. Jirgin ƙasa ya iso Badun daga Ikko a 1901, ya kai Jebba a 1909, a 1912 aka haɗa Ikko da Kano. Da farko fito ake yi da taragu a Jebba, sai a 1916 gada ta samu, kuma a shekarar nan ce aka keɓe mana Sabo a Badun. Duba Agege, duba Ifo, duba Abekuta: inda duk tasha take, nan zango ya kafu. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Huhun goro da aka ɗaure da ganyen fita ya isa Kano da ɗanyensa, ya wuce Ƙauran Namoda bayan 1929, ya wuce Nguru bayan 1930.

Shanu ma haka. Akwai na ƙasa, akwai na jirgi. Na ƙasa su ne masu wahala: makiyaya su koro su mako biyar ko shida, su ratsa dajin tsando, kafin su iso sammore ya kama su, dole a yanka su cikin 'yan kwanaki ko su mutu a hannun mai su. Wannan gaggawa ce ta ba mai gida da dillali ƙarfi a kasuwa, don baƙon da ya zo da shanu ba ya da lokacin jira, ba shi kuma da masaniyar mahaucin da za a ba bashi. Baturen nan Abner Cohen da ya zauna cikinmu a 1962 da 1963 ya ƙiyasta shanun da ake sayarwa a Badun sun kai 75,000 a shekara. Na jirgi kuwa da ƙibarsu suke sauka, kuɗinsu ma daban.

To yaya aka yi dogo ya kuɓuce mana? A 1964, shekarar da ya kai Maiduguri, jirgin ƙasa ya ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Shekara 10 bayan haka fasinja sun koma miliyan 4 da 'yan kai, kaya tan miliyan 1 da kaɗan. Yaƙin basasa ya karya layin gabas, kuɗin fetur ya shigo, gwamnati ta juya wa dogo baya ta fuskanci kwalta. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Ikko, a 1978 aka buɗe babbar hanyar Ikko zuwa Badun. Kowa ya samu 'yan kuɗi sai mota.

Amma a faɗi gaskiya, ba gwamnati kaɗai ta kashe jirgi ba, mu ma da hannunmu a ciki, kuma muna da hujja. Falke zai kai goro tasha ya yi kwanaki yana jiran tarago, in ya samu, a ajiye shi a wata mahaɗa rana na dukansa. Goro ba ya son zafi, ba ya son jira. Gingimari kuwa har ƙofar mai gida take zuwa, a yi lodi da la'asar, ta kama hanya da dare, ta sauke a bakin rumfa. Tirela ta ɗauko shanu daga Potiskum ko Maigatari ko Illela ta kawo su cikin kwana biyu zuwa uku. Wa zai ƙi? Sai da muka saki jirgi gaba ɗaya sannan muka gane igiya ɗaya ta rage mana. A watan Yunin 2017 ruwa ya cinye gadar Tatabu tsakanin Mokwa da Jebba, kowa ya ga abin da tumatir da albasa suka zama a kan hanya. A 2022 kuɗin man gas ya ninka fiye da biyu, kuɗin lodi ya bi shi. Ga shingaye, kowane da abin da ake ajiyewa.

Yanzu mu koma kan abin da muka ce ku riƙe. Dogo bai taɓa shiga ƙauye ba, kwalta ma ba ta shiga ba. Wanda ya taɓa bin sayen goro a ƙauyukan Remo da Ijebu, ko na Ondo da Ekiti, ya san gonar tana iya yin mil uku ko biyar daga inda mota ke tsayawa. Matan Yarabawa ne ke ɗauko shi a ka, su ɓare, su wanke, su kawo bakin hanya, yaran mai gida su saya ƙwarya-ƙwarya. A da bolekaja ke kwasowa ranar kasuwa, sai a-kori-kura ta gaje ta. Da damina kuwa, in laka ta kama taya, sai a kwana nan. Gwamnatin Babangida ta kafa hukumar DFRRI a 1986, aka fasa hanyoyin burji da dama a karkara, amma hanyar ƙasa a kurmi in ba a bi ta da gyara ba damina biyu ta ishe ta. A shekarar ce kuma aka karya darajar Naira, sabuwar mota ta gagari talaka, tsofaffin suka yi ta mutuwa babu kayan gyara.

Abin da ya cike wannan giɓi shi ne babur. Jincheng ya shigo da araha, Bajaj ya biyo baya, hanyar da mota ba ta bi suka bi ta. A yau kwandon goro, buhun rogo, jarkar manja, mai naƙuda da za a kai asibiti, duk a bayan babur suke fita daga ƙauye. Yaranmu da yawa da suka zo cirani da acaɓa suke ci. Birni kuwa korar sa yake yi: Ikko ta hana shi manyan hanyoyi a 2012, ta ƙara matsawa a Fabrairun 2020 da Yunin 2022, Kano ma ta hana shi a 2013. Suna da dalilansu na haɗari da tsaro, ba mu musa ba. Sai dai wanda ya ce a rage mota kuma ya kore babur, me ya bar wa mai kwando?

Shawarar keke ma ba sabuwa ba ce. Ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran jama'a su hau keke a 2001, shi da kansa ya hau a Abuja, bas ta ture shi cikin rami. Mutumin ƙauye dai bai jira minista ba, tun zamanin Raleigh yake tura kaya a keke. A birni cunkoson mota ake kuka da shi, a ƙauye kuwa rashinta. Ba za a ce wa wanda bai taɓa mallakar mota ba ya rage dogaro da ita.

An yi yunƙurin tayar da jirgi. A ƙarshen 2012 aka sake buɗe tsohon layin Ikko zuwa Kano. A Satumbar 2016 aka ɗauko shanu 500 a tarago daga Gusau zuwa mayankar Oko-Oba, aka yi ta murna, abin bai ɗore ba. A Yunin 2021 aka buɗe sabon layin Ikko zuwa Badun, mai kyau da sauri, ba mu raina shi ba. Amma faɗinsa ya fi na tsohon layi mai ƙafa uku da rabi, taragon wannan ba ya hawa wancan, kuma a Moniya ya tsaya. Tsohuwar tashar Dugbe da ƙafa muke zuwa daga Sabo. Moniya kuwa sai ka hau mota kafin ka je ka hau jirgi, kuma jirgin kudu ya nufa, alhali goronmu arewa za shi.