Baƙin Masu Nazarin Al'ada a Ƙasar Daura: Abin da Suka Gani da Wanda Ya Kuɓuce Musu

A fannin nazarin ɗan Adam da al'adunsa, ba a cika ɗaukar ɗalibi a matsayin ƙwararre ba sai ya bar ƙasarsu ya zauna cikin wata al'umma, ya koyi harshenta, ya rubuta abin da ya gani. Fitaccen wanda ya yi wa Daura irin wannan zama shi ne M. G. Smith (1921–1993), haifaffen Jamaika. Ya fara zuwa ƙasar Zazzau a 1949 yana ɗalibin digirin digirgir daga Landan, sa'an nan ya zo Daura a ƙarshen shekarun 1950, zamanin Sarki Abdurrahman.

Littafinsa, The Affairs of Daura, ya fito a 1978. Ya bi yadda mulki ya rabu uku bayan jihadi: Fulani a birnin Daura, zuriyar sarakunan Haɓe kuwa a Zango da Baure, har Turawa suka mayar da Malam Musa gadon kakanninsa a farkon ƙarni na 20. Har yau da wuya a yi muhawara kan sarautun Daura ba a jingina da shi ba.

Sai dai aiki ne na fada da zaure. Namiji baƙo iyakarsa ƙofar gida, don haka lamuran jiki da ado, irin su tsagar gado da ke bayyana asalin mutum, kitso, ƙunshi da gyaran amarya, ba su ne jigon littafin ba. Matarsa, Mary Smith, ita ta shiga cikin gida tun a Zazzau, inda ta ɗauki tarihin rayuwar wata dattijuwa, aka buga shi a 1954 da suna Baba of Karo. A Nijar ma mace ce, Rebecca Popenoe, ta zauna da Larabawan Azawak ta rubuta yadda ake ɗura wa 'yan mata abinci don ƙiba ta zama kyau, a littafinta na 2004.

Wannan giɓi ya fi ciwo a Daura, garin da tarihinsa ya fara da sarauniyoyi, kuma sarautar Magajiya ke nan daram. Tsagar gado tana gushewa, tsofaffin wanzaman da suka san ma'anar kowane zane kuma suna ƙarewa.