Daga Bakin Maroƙi Zuwa Katin Waya: Yadda Sabon Wasa Ke Samun Shiga a Ƙasar Maraɗi

A shekarar 2023 kaɗai, sabbin wasannin bidiyo fiye da 14,000 aka fitar a Steam, babbar kasuwar intanet da kamfanin Valve na Amurka ya buɗe tun 2003. Mafi yawansu aikin masu zaman kansu ne, wato mutum guda ko abokai uku zuwa huɗu da suka haɗa basira ba tare da wani babban kamfani ya tsaya musu ba. Abin da ke ci wa irin waɗannan mutane tuwo a ƙwarya shi ne yadda za a san da su. Mutum ya shafe shekara biyu yana zane da tsara wasa, ranar da ya fitar da shi sai ya tarar wasu talatin ko arba'in sun fito tare da nasa, kafin mako ya zagayo an manta da shi. Saboda haka tambayar wane ne zai gano sabon wasa, kuma wane ne zai gaya wa jama'a cewa ya cancanci a gwada shi, ta zama babbar tambaya a wannan sana'a.

Tambayar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Maraɗi, ko da yake ba da wasannin bidiyo ta fara ba. Garin yana da tsohuwar hanyarsa ta gano sabon abu da yaɗa labarinsa, kuma ta wannan hanya ce wasannin zamani suka shigo.

Maraɗi da Tibiri garuruwa ne da gudun hijira ya ɗaukaka. Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar sarakunanta ta yo arewa, daga bisani Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a bakin Gulbin Maraɗi. Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa sabuwar hedikwatarsu a Tibiri ƙarƙashin Sarki Mayaƙi. Fadojin nan biyu sun zo da makaɗansu da maroƙansu da sanƙirorinsu, kuma aikin waɗannan mutane ya wuce nishaɗi. Su ne ke shelanta wanda ya yi abin a zo a gani, su faɗi sunansa da na ubansa da garinsu. A fagen dambe da kokawa ma haka abin yake. Da yawa daga cikin waɗanda suka san Shago ba su taɓa ganin damben sa ba, ta bakin Ɗan Anace suka san shi. Abin lura a nan shi ne, yabon gargajiya ba ya rabuwa da suna. Maroƙi bai taɓa yabon aiki ya bar mai aikin a duhu ba, domin daga hannun mai sunan nan abincinsa yake fitowa.

Gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta hau mulki a 1974, ta ɗauki wannan tsari ta ba shi siffar hukuma. A 1975 aka yi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a Tawa, kuma ɗan Maraɗi, Yakuba Kantu, shi ya lashe ta; filin kokawar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi. Ta hanyar ƙungiyoyin samariya kuma aka riƙa tace mawaƙa da ƴan wasan kwaikwayo tun daga ƙauye zuwa gunduma har zuwa bikin matasa na ƙasa. Ko me za a ce game da manufar siyasa da ke bayan samariya, ta kafa tsani wanda yaro mai basira daga ƙauye zai iya hawa har a ji sunansa a Yamai.

Akwai kuma wasan da bai taɓa bukatar maroƙi ba. Dara, wadda ake haƙa wa gurabu a ƙasa, mutum biyu su zauna kowa da ƴaƴansa goma sha biyu, ɗaya da tsinke ɗaya da tsakuwa, a yi ta neman jera uku domin a ci na abokin karawa, ta yaɗu ne ta hanyar kallo. Yaro yakan tsaya bayan manya a gindin bishiya har ya gane dabarar, wata rana a ba shi wuri. Wannan ɗabi'a ta tsayawa a kalli gwani kafin a karɓi wasa ita ce za ta sake bayyana, kusan ba tare da wani canji ba, a gaban allon talabijin.

Hanyar da kayan zamani suka bi kuwa hanyar fatauci ce. Ambaliyar 1945 ta sa aka tashi garin daga kwari zuwa tudu, cinikin gyaɗa ya bunƙasa shi, sannan alhazan Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, suka mayar da shi babbar mashigar kaya tsakanin Nijar da Nijeriya. Titin da ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano shi ne jijiyar garin. Ta nan atamfa da man fetur suke bi, ta nan kuma kaset ya biyo. Bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, finafinan Hausa suka bi sahun na Indiya zuwa gidajen kallo na unguwanni, inda mai gida kan rubuta sunan fim ɗin dare da alli a jikin allo. Mai gidan kallo da mai hayar kaset suka zama alƙalai: abin da suka ce yana da kyau shi ake nema. Amma masana'antar fim ta yi sa'ar samun marubuta. Mujallar Tauraruwa, da kuma mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya fara fitarwa a 1999, sun sa masu kallo sun san sunan darakta da na mawaƙi, har suna gardama a kansu. Gidajen rediyo masu zaman kansu da suka buɗe bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, irin su Anfani, su ma sun taimaka.

Wasannin bidiyo ba su sami irin wannan gata ba. Na'urorin farko da suka cika kasuwannin Afirka ta Yamma kwaikwayon Famicom ne, wadda Nintendo ta fitar a Japan a 1983, ana ƙera su a Taiwan da Sin, ana sayar da su da kaset mai alkawarin ɗaruruwan wasanni alhali ƴan kaɗan ne ake ta maimaitawa. Daga baya Sega ta zo, sai PlayStation ta Sony, musamman ta biyu da ta fito a 2000, wadda ta zama jarin ɗakunan wasa, abin da a Kano ake kira gidan gem. Ɗaki ne da talabijin biyu ko uku da benci da janareto, ana biya gwargwadon wasa ko minti. A irin wannan wuri zaɓi ba shi da faɗi. Mai ɗaki yana son abin da mutum biyu za su kara a gama cikin minti goma, ƴan kallo su yi ihu, wanda aka ci ya tashi wani ya zauna. Shi ya sa ƙwallon ƙafa na kamfanin Konami da wasannin faɗa irin su Mortal Kombat suka mamaye ko'ina. Wasa mai dogon labari, wanda mutum zai zauna shi kaɗai ya bi a hankali, ba ya kawo kuɗi a ɗakin haya, don haka ba a saye shi ba, ba a kuma san da shi ba. Iyaye da malamai kuma, bisa dalilinsu, suka ɗauki ɗakin wasa a matsayin wurin da yaro ke kashe kuɗin karin kumallo yana gudun makaranta, wasu ma suna haɗa shi da caca. Babu wanda ya ga abin rubutawa a ciki.

Wayar salula ce ta sauya lissafin. Celtel ta fara aiki a Nijar a 2001, ta koma Zain a 2008, ta zama Airtel a 2010. Wasan maciji da ke cikin wayoyin Nokia shi ne wasan bidiyo na farko da mutane da dama suka taɓa riƙewa, ciki har da waɗanda ba za su taɓa taka ɗakin wasa ba, kamar matan aure da dattawa. Da wayoyi masu katin ajiya suka yawaita, sai wata sabuwar sana'a ta ɓullo: masu turi, waɗanda ke zaune da kwamfuta a kasuwa ko a shagon cajin waya, suna loda wa mutane waƙoƙi da finafinai da wa'azi da wasanni a kan kuɗi kaɗan. Abin da aka loda da rana, da dare ya zagaya fada, wato majalisar samari ta shan shayi da ta yaɗu a biranen Nijar tun shekarun 1990, daga waya zuwa waya, da farko ta Bluetooth, daga baya ta manhajoji irin su Xender waɗanda ba sa cin kuɗin intanet.

Ta haka ne abin ya fita daga birni. Jiratawa, da ke kudu da Maraɗi, gari ne na noman rani, da filin ban ruwa na kimanin eka 500 ta ma'aunin hekta da aka shimfiɗa a farkon shekarun 1980, kuma zogalensa ya yi suna. Saurayin da ya kawo kayan lambu kasuwar Maraɗi ranar Litinin ko Juma'a yana iya komawa da sabon wasa a wayarsa, kafin kwana biyu ya bazu a unguwarsu. Tsakanin Tibiri da Maraɗi kuwa ƴan kabu-kabu da ɗalibai suna kai da komo kullum. Babu talla, babu shago, babu katin banki. Amana ce kawai: wane ya ce wasan nan yana da daɗi, kuma ba ya cika waya.

A daidai wannan lokaci ne masu zaman kansu suka sami kansu a duniya. A 2008 aka buɗe kasuwannin manhaja na Apple da na Android, a shekarar kuma Braid da World of Goo suka nuna cewa mutum ɗaya ko biyu za su iya yin wasan da duniya za ta saya. Minecraft, wanda Markus Persson ya fara shi kaɗai a Suwidin a 2009, ya bazu ta bakin ƴan wasa tun kafin a yi masa wani talla. Afirka ma ba a bar ta a baya ba. An kafa Leti Arts tsakanin Gana da Kenya a 2009, Maliyo Games a Legas a 2012, sannan a 2016 kamfanin Kiro'o na Olivier Madiba a Yawunde ya fitar da Aurion bayan shekaru na fama da ƙarancin jari da ɗaukewar wuta. A Nijar kanta, a rabin ƙarshe na shekarun 2010, wani matashi mai zane a Yamai, Mahaman Sani Housseyni Issa, ya fitar da Les Héros du Sahel, wanda kafofin labarai suka bayyana a matsayin wasan bidiyo na farko da aka ƙirƙira a ƙasar. Jaruminsa, Shamsu, daga rana yake samun ƙarfinsa.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Abin da mai ƙirƙira a Turai ko Amurka yake nema ido rufe, wato jama'ar da ke miƙa wa juna wasa hannu da hannu bisa yarda, Maraɗi tana da shi tuntuni. Sai dai hanyar tana da aibi biyu. Na farko, fayil ɗin da aka tura ba ya ɗauke da tarihin mai shi. Ɗan wasa ya san alamar da ke kan allo, ya san wanda ya tura masa, amma da wuya ya san ko a Indiya aka yi wasan ko a Yamai, balle ya nemi na biyu daga hannun mutumin. An ga irin haka a fagen kiɗa: lokacin da Christopher Kirkley ya tattara waƙoƙin katin waya ya fitar da faifan Music from Saharan Cellphones a 2011, sai da ya yi ta cigiya kafin ya gano wasu daga cikin mawaƙan, ciki har da Mdou Moctar na Nijar, domin ya biya su haƙƙinsu. Na biyu, kuɗin yana tsayawa ne a hannun mai turi. Wasan da ke rayuwa da talla ba ya samun komai idan ana yin sa ba intanet, wanda ake saye kuma yana bukatar katin banki da mafi yawan matasa ba su da shi. Sakamakon haka, mai turi yakan loda abin da ya riga ya yi suna, kamar Ludo King na Indiya da wasannin ƙwallo da na tseren mota, domin su ake tambaya. Sabon wasa na ƙaramin mai ƙirƙira ba shi da mai gabatar da shi.

Ba ƙaramar asara ba ce, idan aka dubi abin da ƙasar ke da shi. Tarihin Gobir da Katsinar Maraɗi, tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, dabarun dara, ƙa'idojin langa da kokawa, duk kaya ne da za a iya gina wasa a kansu, kamar yadda Teddy Kossoko ya ɗauki kisoro, wasan gurabu na Afirka ta Tsakiya, ya mayar da shi wasan waya a 2018. Maraɗi tana da jami'a tun 2010, wadda ke ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, kuma a 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma matashin da ya ƙera wasa da Hausa a yau zai tarar babu tsanin samariya, babu mujalla irin ta Fim, babu maroƙin da zai faɗi sunansa.

Giɓin da ke akwai na masu sharhi ne, kuma malamai da ƙungiyoyin al'adu sun fi kowa kusa da cike shi, tun da su ne suka saba tace littafi da wasan kwaikwayo kafin su miƙa wa yara. Aikin ba ya bukatar jari mai yawa: a gwada wasa, a faɗi wanda ya yi shi da ƙasarsa da shekarar fitarsa, a faɗi girmansa a waya, ko yana aiki ba intanet, ko akwai caca ko tallan banza a cikinsa, da shekarun yaron da ya dace da shi. Minti goma a rediyo sau ɗaya a mako, ko takarda guda da za a liƙa a gidan matasa da shagunan masu turi na Maraɗi da Tibiri da Jiratawa, sun isa a fara. Mai turi ba ya ƙin sabon kaya. Abin da yake jira shi ne mutum uku su zo su tambaye shi da sunansa.