Asalin Sunayen Ƙidaya a Hausa

In ka sa yaro ya yi maka ƙidaya, tun daga ɗaya har goma sha tara da bakin kakanninsa zai yi ta. Amma da ya ce ashirin, to, ya shiga Larabci bai sani ba, kuma ba zai fita ba sai ya kai ɗari. Ashirin, talatin, arba'in, hamsin, sittin, saba'in, tamanin da tis'in, wanda bakinmu ya lanƙwasa ya mai da casa'in, duk baƙi ne da suka daɗe a gida har aka manta ranar saukarsu.

Kada a zaci kafin zuwansu Bahaushe ba ya iya wuce goma sha tara. Yana da nasa. Mutanen da su kan ce gomiya biyu, gomiya uku, har gomiya tara, sa'an nan ɗari. Wannan tsari ma ya fi na yanzu sauƙin koyo, gama wanda ya ji gomiya bakwai ya san goma ce sau bakwai, amma saba'in sai an haddace ta.

Inda tsohuwar ƙidaya ta fi yin aiki shi ne wajen wuri, wanda jam'insa ne kuɗi. Daga tsibiran Maldib na tekun Indiya a ke kwaso shi, ya yi ta canja hannu har ya iso kasuwar Kurmi. Ba a ɗinke shi a zare a ƙasar Hausa, sai a zube a ƙasa, mai ƙirga ya riƙa ja da yatsu biyar biyar. Ja huɗu ya ba da ashirin, ita ce hauya. Hauya goma a yi tsibi na ɗari biyu, tsibi biyar ya zama dubu. In dubbai suka taru sai a ce zambar goma, zambar ɗari. Zambar ashirin kuwa a kan ɗura su a buhun kaba, a kira shi keso.

Bajamushen nan Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya ga wannan aiki da idonsa a Tasawa cikin 1851, inda mutum biyar ko shida suka taru kan ƙirga wuri 500,000, watau keso 25. A Kano a wannan shekara wuri 2,500 ne ke sayen dala guda ta azurfa. Ka ga ke nan keso cur, wanda sai ƙato ke ɗauka, dala takwas ne kawai. Mai irin wannan lissafi ba ya bukatar alkalami, ba ya kuma bukatar sifiri, don inda babu tsibi ido ya ga babu.

To, ta ina Larabci ya shigo? Ta ƙofa biyu ne. Ta fari ita ce ta fatake. Wanda ke ciniki da mutanen Gadamas da Tarabulus dole ya ji abin da su ke nufi da metan, da arbaminya, da hamsaminya, da alfyan, watau 200, 400, 500 da 2,000. Daga nan ne kuma aka samo gaira, a ce ashirin gaira biyu maimakon ashirin biyu babu. Ƙofa ta biyu ta malamai ce, kuma a ganina ita ta fi tasiri, domin ciniki ya kan mutu, amma zakka da rabon gado ba su mutuwa. Mai tumaki arba'in ya san akwai guda a kansa. Matar da mijinta ya rasu ya bar 'ya'ya, ko ba ta taɓa riƙe allo ba, ta san tumuninta, ɗaya bisa takwas. Ta haka sulusi da rubu'i da sudusi da ushira suka shiga har cikin tsakar gida. Bahaushe yana da rabi nasa na kansa, sauran gutsattsarin kuwa daga zauren alkali ya ɗauko sunayensu.

Abin lura shi ne ba duka baƙin suka zauna ba. Minya ta zo ta tarar da ɗari, ba ta iya ture ta ba. Alif ma bai kada dubu ba, sai ya maƙale wajen faɗin shekara kaɗai, har ka ji mutum ya ce alif dubu ɗaya da ɗari tara, ya ambaci dubu sau biyu yana jin ya gyara magana.

Da Turawa suka kawo sule da fam, wuri ya faɗi, ya tafi da kalmominsa. Naira ta gaji fam a 1973, miliyan da biliyan suka hau kan dubu. Yau in ka ce wa ɗan makaranta hauya, abin noma zai ɗauko maka, keso kuwa tsohuwar tabarma zai zata. Amma a ƙasar Nijar wani abu ya saura na tsohon hannu: har yanzu biyar biyar a ke ƙirga kuɗi a kasuwa, tamma biyar ita ce dala, mai sayar da kayan tamma ɗari sai ya ce maka dala ashirin.