Tocilar Kaka da Kalmomin Murɗiya

A hutun da ya wuce na tafi gida Yelu tare da wani abokin karatuna, ɗan Yamai. Bayan isha'i kakata ta ce in miƙo mata tocila. Sai abokin nan ya yi dariya, ya ce mini da Faransanci wai wanga ai Ingilishi ne da aka murɗe wa wuya. Kaka ba ta ji mi ya ce ba, amma ta ji dariyar, ta yi shiru. Shirun nan ya fi maganar ci mini rai. Da muka koma jami'a sai na ce bari in bi sawun kalmomin da su kansu masu Ingilishin ke kiran murɗiya da su, in ga inda suka fito.

Na fara da wrong, wadda ko ɗan firamare a Kamba ya san tana nufin kuskure ko laifi. To asalinta ba ta Ingilishi ba ce. Daga bakin Vikin ta shigo, mutanen arewacin Turai da suka yi ta kai hari Ingila har suka zauna cikinta, kuma a wurinsu ma'anarta karkatacce, abin da bai miƙe ba. Ƴar'uwarta ita ce wring, wato matse rigar wanki ta hanyar murɗa ta. Kishiyarta right kuwa tun asali miƙaƙƙe take nufi. Kun ga wancan w da ake rubutawa ba a faɗi? Da can ana faɗinsa. Bakin Turawan ne ya gaji da shi ya yar, rubutu ya riƙe.

A 1066 Normandawa suka ƙetaro daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi. Shekaru ɗaruruwa bayan haka Faransanci ne harshen fada da na kotu. Ta nan tort ta shiga, wadda har gobe lauyoyin Najeriya ke karantawa da ma'anar cutar da wani ya yi wa wani. Mu ƴan lakwal na Nijar mun san ta sarai: in mushe ya ce kana da tort, ba ka da gaskiya ke nan. Tushenta Latin ne, torquere, murɗawa. Daga nan tordre ta Faransanci ta fito, daga nan distort da contort, jirkita kamanni da murguɗa jiki, har da torture, don azabar wancan zamani murɗe gaɓoɓi ce. Ita ma droit, da muke kiran doka da haƙƙi da ita, miƙaƙƙe ce a asali.

Wato a harsunan nan biyu, karkata da laifi cikinsu ɗaya. Mu ma ba mu tsira ba: muna cewa an yi murɗiya a zaɓe, mutum ya karkace, wane miƙaƙƙe ne. Shi ya sa in an ce maganarka murɗaɗɗiya ce, ba siffarta kawai aka faɗa ba, an yanke mata hukunci. Abin da kaka ta ji ke nan cikin dariyar, ba sai da tafinta ba.

Mi ya kawo Ingilishi bakin tsohuwar da ba ta taɓa zama ƙarƙashin Ingila ba? Iyaka. A yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 Faransa da Ingila suka ja layi ya bi Dallol Mawri, sannan ya yi baka mai nisan mil 100 daga tsakiyar Sakkwato. Faransawa suka ga an bar su da hanya marar ruwa zuwa Damagaram, aka sake lanƙwasa layin a 1904 da 1906. Amma kasuwa ba ta bi takarda ba. Kaya na shigowa daga Kamba da sunansu na Ingilishi, makaranta da jandarma na zuwa daga Doso da Faransanci. Shi ya sa gida guda za ka ji kwastan ka ji duwan, ka ji biro ka ji bik.

Abin da karatun harshe ya nuna mini shi ne sauyin nan yana da ƙa'ida. Hausa ba ta fara kalma da baƙi biyu a manne, sai ta sa wasali tsakani: bread ta koma burodi. Ta fi son rufe kalma da wasali: doctor ta koma likita. Lakwal kuwa, da ake yi mana dariyarta a ƙetare, l'école ce muka haɗiye da ɗan harafin gabanta. Haka kakanninmu suka yi wa Larabci tun kafin Bature: al-imam ta zama liman, al-khabar ta zama labari. Ban taɓa jin wanda ya ce liman karyayyen Larabci ba ne. Tsufa ne kawai ya wanke ta.

Sai ga abin da ya sa na kusa yin ihu a ɗakin karatu. Tocila daga torchlight take. Torch kuma Ingilishi ya aro ta daga torche ta Faransanci, wadda a farko ke nufin ƙulli na zare ko ciyawa da aka murɗe, aka tsoma a kakin zuma ko kitse, a kunna. Masu binciken asalin kalmomi suna mayar da ita ga torquere ɗin nan dai. Ashe kalmar da aka ce kaka ta murɗe, sunanta ma murɗaɗɗe, kuma ta bi ta bakin Rumawa da Faransawa da Ingilishi da ƴan kasuwar Kabi kafin ta iso ɗakinta.

Na nuna wa abokina shafin ƙamus ɗin. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce shi fa wasa yake yi. Na ce na sani. Mun yi da shi in hutu ya zo za mu koma Yelu tare, kuma shi zai sayi batir ɗin tocilar a kasuwar Gaya.