Yadda Aka Haɗa Hannu Kan Ruwan Kainji

Kafin 1968 babu tafki a yammacin ƙasar Kontagora. Kogin Kwara ne ke bin hanyarsa daga Yawuri zuwa Busa, sana'ar su kuma tana hannun Sarkawa da Gungawa. Sarkin ruwa ke faɗin gurbin da za a shiga da wanda za a bari ya huta, kuma ba a ƙetare maganarsa. Ragowar wannan tsari ne ake gani a Argungu, inda ake tsare kogin Matan Fada har sai ranar bikin kamun kifin da aka soma a 1934.

Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsohuwar Busa da ƙauyuka masu yawa, aka tayar da mutane sama da 40,000. Tafki ya shimfiɗu har gaɓar Magama ta masarautar Kontagora. Kifi ya yi albarka a farko, masunta suka yi ta kwararowa daga nesa, har abin da aka kama a 1971 ya kai kusan tan 28,000. Zuwa 1978 ya faɗo ƙasa da tan 5,000. Baƙon da ya zo da komarsa bai san wani sarkin ruwa ba, tsohon iko kuwa ya nutse tare da tsofaffin gurabe.

Gwamnati ta shigo, amma kowane ofis da nasa. Cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa ta tarayya ce. Gandun Dajin Kainji, wanda aka kafa a 1979 ta hanyar haɗa dajin Borgu da na Zugurma, shi ma na tarayya ne. Dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta fito a 1985, ta su a ruwan cikin ƙasa ta biyo a 1992. Tafkin kansa kuwa tun 1991 ya rabu tsakanin jihohin Neja da Kebbi. Wanda aka hana shi a wannan gaɓa sai ya tuƙa kwalekwale zuwa waccan.

A ganina, 1993 ce shekarar da ta cancanci a tuna. A nan aka fara aikin haɗin gwiwa na Najeriya da Jamus kan su a Kainji, wanda ya zaunar da jihohin biyu da masu bincike da sarakuna wuri guda. An ƙidaya jirage da koma, an shigo da lasisi, aka kuma bi ta hannun masu unguwanni da sarakunan ruwa wajen karɓarsa. Babbar rigima ita ce dala, wato tarun nan mai ido kamar gidan sauro da ake ja don kama ƙananan kifin warangi, amma yana kwashe 'ya'yan ƙarfasa da na giwan ruwa tun ba su kai komai ba. A ƙarshen shekarun 1990 aka haramta shi. Haramcin ya yi tasiri ne inda sarakuna suka tsaya a kai. Da aikin ya ƙare, sa ido ya yi sanyi, dala ta sake leƙowa.

Wanda ya fi ba ni tausayi a duk wannan tarihi shi ne ayu. Ba kifi ba ne, dabba ce mai shayarwa, cikinta yakan kai kusan shekara, ɗa guda take haifa, sai an jima ta sake. Doka ta hana kashe ta, amma ana neman namanta da kitsenta da sassan jikinta don magani, wani lokaci kuma koma ce ke sarƙe ta ta mutu. Ma'aikacin gandun daji yana tudu, jami'in kifi yana lissafin kifi, ita tana tsakani.

Gwamnatocin Neja da Kebbi da masarautun Kontagora, Borgu da Yawuri, ku sake zama kamar yadda aka zauna a 1993, wannan karon ku sa ayu cikin lissafi, ku damƙa tsaronta ga sarakunan ruwa.