Kotu, Gona da Diyya: Iyakar Kariyar Tsarin Mulki a Karkarar Kano

Najeriya ba ta da kotun tsarin mulki mai zaman kanta irin wadda Nijar ta kafa a ƙarƙashin kundinta na 2010. Sashe na 46 na kundin 1999 ya ɗora wa Babbar Kotu nauyin kare haƙƙoƙin da ke Babi na Huɗu, Kotun Ƙoli kuma ke da maganar ƙarshe. A Dambatta, Makoɗa ko Minjibir, inda gona ke manne da gona, haƙƙin da ya fi shafar talaka shi ne na sashe na 44: ba a karɓe dukiyar mutum sai an biya shi diyya ba tare da jinkiri ba, kuma yana da damar kai ƙara kan adadinta.

Sai dai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna bisa amana, sashe na 315(5) kuma ya ba ta mafaka a cikin kundin. Sashenta na 29 ya taƙaita diyya ga abin da aka ɗora a kan ƙasa, wato shuka, itatuwa da gini. A nan gizo ke saƙa. Tun shekarun 1960 binciken masani Michael Mortimore ya nuna cewa gonakin kewayen Kano ba sa hutawa, taki ne ke riƙe da su, har da wanda jakuna ke ɗaukowa daga birni. Albarkar irin wannan ƙasa aikin kaka da kakanni ce, ana sayar da ita, ana jinginar da ita, kowa a ƙauye ya san kuɗinta. Mai ƙiyasi kuwa gero da ɗorawa kawai zai ƙirga.

Ba za a ce alƙalai sun naɗe hannu ba. A shari'ar Nkwocha ta 1984 Kotun Ƙoli ta bayyana cewa Dokar Amfani da Ƙasa ba ɓangaren kundin ba ce. A shari'ar Osho ta 1991 ta tabbatar da cewa soke mallaka ba tare da isar da sanarwa ga mai ita ba, ko don wata manufa da ba ta jama'a ba, ɓatacce ne. Waɗannan hukunce-hukunce sun ɗaure hannun hukuma wajen yadda take karɓa. A ganina, ma'aunin abin da take biya yana nan inda sojan da suka yi dokar ta 1978 suka bar shi.

Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, ya ratsa ta Dambatta, don haka tambayar ba ta ɗakin karatu ba ce kaɗai. Manomin da gonarsa ba ta kai kadada ɗaya ba, mai takardar dagaci maimakon ta gwamna, sai ya nemi lauya ya biya kuɗin mota kafin sashe na 44 ya san da zamansa, kuma Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta fi karkata ga waɗanda ke tsare.